Bayan Soja Ya Kwashe Kayansa

Ƙanena da ke karatun tsara birane a Berlin ya daɗe yana cika mini kunne da labarin wani filin jirgin sama da mutanen gari suka hana gwamnatinsu taɓawa. Da tafiya ta kai ni Jamus a tsakiyar lokacin zafinsu, na ce masa to, gani ya kori ji, amma ba filin kaɗai ba: duk wurin da soja ya tashi ya bari, in dai jirgin ƙasa na zuwa, ya sa mini shi a lissafi. Ya kwashe da dariya ya ce, "Yaya, in haka ne sai dai ka tare a nan."

Da gaskiyarsa. Ƙasa ce da ta yi shekara 40 a rabe, sojojin Amurka da Birtaniya da Faransa jibge a yamma, na Tarayyar Sobiyet a gabas, ga na gida a kowane ɓangare. Da yaƙin cacar baka ya zo ƙarshe, Rasha kaɗai ta kwashe soja sama da 300,000, na ƙarshensu suka fice a watan Agustan 1994. Garuruwa manya da ƙanana suka wayi gari da barikoki da filayen jirage da dazukan atisaye a bayan waya, babu mai gadi, babu mai shara, babu kuma kuɗin da sojan ke kashewa a kasuwanninsu. Kaɗan daga ciki muka iya zagawa.

Da Tempelhof muka fara, wato filin jirgin na Berlin da ƙanena ke ba ni labari. Mun fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a unguwar Neukölln, muka bi wani titi da dogayen gidaje suka matse hagu da dama, sai titin ya ƙare a bakin wata ƙofar waya. Muna shiga gari ya ɓace. Ciyawa ce da kwalta da sama, iska na kaɗawa ba abin da ke tare ta, ginin tashar kuma can nesa ya yi ƙanƙane, alhali tsawonsa ya kai kilomita 1.2. Filin wajen hekta 300 ne. Titunan tashin jirage guda biyu suna nan yadda aka bar su, kowanne kusan kilomita 2, da manyan lambobinsu na farin fenti da allunan da matuƙa ke karantawa. A kansu yanzu yara ke koyon keke. Na ga masu takalmin taya, na ga samarin da suka ɗaura lema da dogayen igiyoyi iska na jan su a kan allo mai taya, na ga wani dattijo da sandarsa yana bin farin layin tsakiya a hankali, daidai inda tayar jirgi ke dira. An ware wurin gashi, an kewaye wa karnuka nasu, filayen ƙwallon sanda da sojojin Amurka suka bari ma ana nan ana wasa a ciki.

Tun kafin a san jirgin sama filin na soja ne. Daga 1722 sarakunan Prussia ke faretin dakarunsu a nan. A 1923 ya zama filin jirgi. 'Yan Nazi ne suka gina katafariyar tashar tsakanin 1936 da 1941 bisa zanen Ernst Sagebiel, sai dai ba fasinja ta fara karɓa ba. A cikinta aka riƙa haɗa jiragen jefa bam, da hannun dubban mutanen da aka kamo daga ƙasashen da aka mamaye aka sa su aikin tilas, suna kwana a bukkokin katako a gefen filin. A bakin titin arewa kuma gidan yarin Columbia ya tsaya, wanda ya zama sansanin gwale-gwale daga 1934 zuwa 1936. Bayan yaƙin duniya na biyu Amurkawa suka karɓi wurin, a hannunsu kuma sunansa ya wanku. Da Sobiyet ta toshe hanyoyin ƙasa zuwa yammacin Berlin a watan Yunin 1948, ta sama aka riƙe birnin har cikin 1949, kaya sama da tan miliyan 2, akasari kwal, Tempelhof ce kuwa babbar ƙofarsu. Sojan saman Amurka ya tashi a 1993, jiragen fasinja suka ci gaba har 30 ga Oktoban 2008. Ranar 8 ga Mayun 2010 aka buɗe wa kowa da kowa.

Abin mamaki shi ne ƙarancin abin da aka yi wa wurin: 'yan bandakuna, 'yan benci, allunan tarihi nan da can, shi ke nan. Ba don ba a yi zane ba. Gwamnatin birnin ta Klaus Wowereit ta shirya gina gidaje kimanin 4,700 a gefe-gefen filin, da babban ɗakin karatu, da tafki a ciki. Amma an riga an buɗe ƙofa, mutane sun ɗanɗana fili haka nan ba komai a kansa, sun saba. Wata ƙungiyar mazauna ta tara sa hannu, aka je ƙuri'ar raba-gardama ranar 25 ga Mayun 2014, wajen kashi 64 cikin 100 suka ce a bar shi yadda yake, abin ya zama doka. Da gini aka fara kafin a buɗe, da babu wanda zai san abin da ya rasa, balle ya yi faɗa a kai.

Kusa da ƙofar da muka shigo akwai lambun haɗin gwiwa da aka fara a 2011, Allmende-Kontor. Nan na fi daɗewa. Ba a haƙa ƙasa a filin, ko da ramin dasa barkono ne, saboda ba wanda zai rantse a kan abin da ke kwance a ƙarƙashi: man jirgin da ya tsiyaya shekara da shekaru, da ragowar harsasai da bama-bamai. Don haka kowace shuka a akwati take. An harhaɗa akwatunan da katakon ɗora kaya, wasu da tsofaffin ƙofofi. Na ga bahon wanka cike da ƙasa kabewa na yaɗo daga ciki, na ga takalmi sau-ciki an shuka masa fure. Akwatunan sun haura 200, babu shinge tsakaninsu, kusan kowa ya haɗa wa nasa ɗan benci, duk mai wucewa kuma yana iya zama. Wata dattijuwa da muka samu tana ban-ruwa ta nuna mana tumatirinta, ta ce tsinke mata ake yi tun bai nuna ba, shi ya sa ta fi ba da ƙarfi ga ganyayen da ɓarawo bai san su ba. Ƙanena ya ce to me zai hana a sa ƙofa da kwaɗo? Ta girgiza kai, ta ce ai in aka yi haka an koma gidan jiya.

Tsakanin titunan jiragen an ja igiya an hana shiga, saboda wani ɗan tsuntsu mai sheƙa a ƙasa cikin ciyawa, wanda ke tashi sama ya tsaya cak yana rera kuka. Gonakin zamani sun kore shi, sai ga shi ya samu wuri inda shinge ya hana garma da maganin feshi shiga. Tun 2019 ma an kawo tumaki suna kiwo a wani ɓangare.

A kan ciyawar muka yi musu da ƙanena. Shi yana ganin birnin da haya ke neman fin ƙarfin talaka bai kamata ya ajiye hekta 300 ba ko ɗaki ɗaya a kai, kuma ba shi kaɗai ke wannan ra'ayi ba: gwamnatin Kai Wegner da ta hau a 2023 ta sake tayar da maganar gini a gefe. Ya tuna mini cewa a 2015, da 'yan gudun hijira suka kwararo, rumfunan ajiye jiragen nan aka cika da gadaje, daga baya aka yi wa dokar gyara aka jera kwantenoni a gaban tashar. Na ce masa duk na ji. Amma a ganina masu ƙuri'ar nan ba su yarda ba ne cewa gidajen na irinsu za su zama, kuma sun san gefe in aka fara cin sa ba ya tsayawa a gefe. Ya ce wannan zato ne. Na ce zato ne da ya samo asali daga abin da suka gani a wasu unguwannin. Ba mu daidaita ba.

La'asar ta same mu a can, muka fita ta arewa zuwa masallacin Sehitlik, wanda ke jikin wata maƙabartar Turkawa da ta girmi filin jirgin, tun 1866 take. Ta wannan gefen ne wata doguwar hasumiya mai farin ƙoƙo a ka take tsaye, na'urar hangen jirage ce da har yau sojan saman Jamus ke aiki da ita. Soja bai gama tashi ba ke nan. Shingen wayar ma yana nan, da magariba motar masu gadi ke zagayawa tana sallamar mutane, a kulle sai safiya.

Fili ba ya gardama, abin da aka ce ya zama shi yake zama. Kankare ne mai taurin kai. Lokacin yaƙi Hitler ya sa an gina wasu manyan hasumiyoyi a Berlin da Hamburg da Vienna, bindigogin kakkaɓo jirage a sama, dubban farar hula na fakewa a ciki. Ta lambun Humboldthain a Berlin, Faransawa sun sa mata nakiya a 1948, aka bar rabin arewa saboda layin dogo na bi ta gindinsa, aka tara ɓaraguzan gari a jikinta aka dasa itatuwa. Yau masu hawan duwatsu ke lilo da igiya a bangon. Ana shiga da baƙi ciki da hular kwano, amma a watannin zafi kawai, don da sanyi jemagu ke kwanciya kuma ba a tashin su.

Teufelsberg ma tudun ɓaraguzai ne, a dajin Grunewald na Berlin, an binne wata makarantar fasahar soja ta 'yan Nazi da ba a ƙarasa ba a ƙarƙashinsa. A samansa Amurka da Birtaniya suka kafa tashar sauraren sirrin gabas, da manyan fararen ƙwallaye da ke rufe na'urori. Bayan sun tashi aka sayar wa 'yan kasuwa a 1996, su kuma suka zana otal da gidajen masu hali. Ko ɗaya ba a gina ba. Tantin ƙwallayen ya yayyage yana kaɗawa, masu zanen bango sun cika kowace kusurwa da fenti, wasu zanen gwanin kyau. Sai dai da tikiti ake shiga. Na biya na hau, amma ban ga uwa da keken jariri ba, ban ga tsoho da sanda ba, sai 'yan yawon buɗe ido irina da kyamara. Gangaren tudun da ba a sayar ba shi ne cike da 'yan gari.

A jirgin Hamburg ƙanena ya buɗe mini babin da ba a ɗauka a hoto. Ya ce kafin a zana ko benci a tsohon wurin soja, sai an fara sanin abin da ke cikin ƙasa: inda tankunan mai suka yi yoyo, inda dalmar harsashi ta taru a filin harbi, inda aka yi ta atisayen kashe gobara da kumfar da gubarta ba ta ruɓewa, sai dai ta bi ruwan ƙasa. Sau da yawa kuɗin wanke ƙasar ne ke yanke abin da wurin zai zama. Ya nuna mini wajen da garin Lübtheen yake, ba nisa da layin, inda gobara ta kama tsohon dajin atisaye a 2019, 'yan kwana-kwana suka kasa matsawa kusa saboda harsasan da ke fashewa, har aka kwashe mutanen wasu ƙauyuka. Akwai kuma dajin Kyritz-Ruppin, wajen hekta 12,000, inda jiragen Sobiyet suka yi ta gwajin jefa bam. Mazauna yankin sun yi shekara 17 suna zanga-zanga da shari'a don kada sojan Jamus ya gaje shi, suka yi nasara a 2009. Har yanzu tsintar bama-bamai ake yi ɗaya bayan ɗaya, yawancin dajin ba a shiga.

Hasumiyar kakkaɓo jirage ta Hamburg da ke titin Feldstrasse a unguwar St. Pauli an haƙura da rushe ta, don nakiyar da za ta iya da ita sai ta haɗa da maƙwabta. Mita 75 ce kowane gefe, tsayi mita 38, kaurin bango mita 3.5. Ma'aikatan tilas ne suka zuba ta a 1942 cikin kwana 300 ko kusa da haka, kuma a ruwan bama-baman 1943 mutane har 25,000 sun cusa kansu a ciki. Bayan yaƙi ta zama makwancin waɗanda suka rasa muhalli, daga baya ofisoshi da ɗakunan kiɗa da gidan rawa. Sabon abin shi ne hawa 5 da aka ɗora mata a ka, kowanne ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, aka lulluɓe su da itatuwa kimanin 4,700, tsayin ya koma mita 58. A watan Yulin 2024 aka buɗe.

Hanyar hawa a waje take, ta nannaɗe ginin har mita 560. Ana tafe ana shafa tsohon kankaren, sawun katakon da aka zuba shi a ciki yana nan layi-layi, ana jin sa a tafin hannu. Ta wannan gefen filin ƙwallon St. Pauli a ƙarƙashinka, ta wancan manyan ƙugiyoyin tashar jiragen ruwa. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, hawan kuma kyauta ne. Amma ta ƙofar masu gadi ake bi, akwai kuma iyakar mutanen da ake bari a sama lokaci guda. Tunanin lambun daga maƙwabta ya fito, ƙungiyarsu Hilldegarden na nan da ɗan wurinta da aikin tunawa da waɗanda suka gina hasumiyar, sai dai kuɗin, wajen Yuro miliyan 100, na ɗan kasuwa ne, abin da ke cikin sababbin hawan kuma otal ne mai ɗaki 134 da gidajen abinci da zauren taro. Wasu sun yi adawa tun farko, suna cewa ginin da aka yi da gumin bayi bai kamata a yi masa kwalliya har a manta da fuskarsa ba. Da na sauko na ɗaga kai na gane nufinsu: kore ido ke fara gani. Jama'a a nan baƙi ne da aka yi wa izini, a Tempelhof kuwa masu gida ne.

'Yar'uwarta tana tsallaken kogin Elbe, a Wilhelmsburg, tsibirin ma'aikatan tashar ruwa da 'yan ci-rani. Ba kwalliya, ba layin 'yan kallo, ita ce kuma ta fi kwanta mini a rai. Sojan Birtaniya ya tayar da nakiya a cikinta a 1947, hawa 6 cikin 8 suka rufta, ɓawon waje ya tsaya. Haka ta yi sama da shekara 60, ba shiga ba fita. Da birnin ya shirya baje kolin gine-ginensa da aka kammala a 2013, sai aka fasa bango aka kwashe ɓaraguzai wajen tan 25,000, aka kafa tankin ruwan zafi mai cin lita miliyan 2 a tsakiyar kogon da ya rage. Farantan rufin na dafa ruwa da rana, na bangon kudu na ba da lantarki, akwai injin gas mai ba da wuta da zafi tare, har zafin da wata masana'anta ta maƙwabta ke zubarwa a banza an jawo shi da bututu. Tankin ya tara zafin duka, ya saki lokacin da gidaje ke buƙata. An tsara shi ya ɗumama gidaje 3,000, ya ba 1,000 lantarki. Daga barandar wurin shan kofin da ke mita 30 a sama na leƙa gidajen da ke kewaye, da shanyarsu da filin wasan yaransu. Mai wanka da ruwan zafi a cikinsu ba lallai ya taɓa hawowa nan ba, amma ginin na shiga gidansa kullum ta bututu.

Daga nan muka miƙa kudu, kusan wuni guda a jirgi, zuwa Freiburg kusa da iyakar Faransa. Barikin da ke kudancin garin an gina shi ne a shekarun 1930 don sojan Hitler. Bayan 1945 Faransawa suka shiga, suka raɗa masa sunan Vauban, maginin ganuwoyin Sarki Louis na 14, suka zauna har 1992. Gari ne na jami'a mai ƙarancin ɗakuna, don haka tun soja bai gama ɗaure kaya ba ɗalibai da marasa hali suka sa ido. Hukumar birnin ta sayi filin daga gwamnatin tarayya a kan Mark miliyan 40, kuɗin Jamus na lokacin, da niyyar rushe akasarin gine-ginen. Matasan suka ce a'a, gine-ginen nan lafiyarsu ƙalau. Bayan ja-in-ja wata ƙungiyarsu mai suna SUSI ta samu guda 4 ta gyara da hannunta, hukumar kula da ɗalibai ta samu 6.

Taragon kan titi mai lamba 3, wanda aka jawo layinsa zuwa unguwar a 2006, shi ya sauke mu. Gine-ginen SUSI ne suka fara tarar mu, kuma duk fentin da aka shafa musu da barandun da aka liƙa, da ganin tsawonsu da jerin tagoginsu iri ɗaya ka san makwancin kurata ne. Kekuna sun yi tsibi a ƙofa, ga tsofaffin motocin ɗaukar kaya da wasu suka mayar ɗaki a ƙarƙashin itatuwa. Itatuwan manya ne tun na zamanin bariki, an hana sare su, shi ya sa unguwar da aka fara ginawa a 1998 take da inuwar tsohuwar unguwa.

Yadda aka raba filin shi ne ainihin labarin. Birnin ya amince da wata ƙungiyar mazauna, Forum Vauban, da aka kafa a 1994, ta zama bakin jama'a a teburin tsarawa. Maimakon a miƙa wa babban kamfani guda, sai aka yanka filaye ƙanana aka fi ba ƙungiyoyin iyalai: gida 10 ko 20 su haɗa kuɗi, su ɗauki mai zanensu, su gina bene ɗaya tare. Shi ya sa a layi guda za ka ga wannan bene na katako, na kusa da shi ja, na gaba ganye ya rufe shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sharaɗin da aka ɗora wa kowa shi ne ginin ya kasance mai ƙarancin cin makamashi, wasu ma suka zarce, kamar gidaje 59 da Rolf Disch ya zana, waɗanda rufinsu ke samar da wutar da ta fi wadda suke sha. Da kuɗin sayar da filayen aka wanke ƙasar, aka yi makaranta da gidajen renon yara da tituna. Tsohon gidan cin abincin sojoji, Haus 037, shi ne zauren unguwa yanzu, kasuwar mako na ci a gabansa.

Sai batun mota. A yawancin layukan gidaje ba a ajiye ta a ƙofa. A shigo da tafiyar da ba ta wuce ta mai ƙafa ba, a sauke kaya, a fita. Na zauna a bakin wani layi, yara sun zane kwalta da alli daga wannan bango har wancan, sai wata mota ta shigo. Direban ya tsaya ya jira aka janye kekuna da kwalin alli, ba hon ba tsaki. Wanda ya ce lallai sai ya mallaki mota, sai ya sayi gurbi a ɗaya daga manyan garejin da ke bakin unguwa, da tsada kuwa. Wanda ba shi da ita yana sa hannu duk shekara cewa ba shi da ita. Da yake dokar jihar ta ce kowane gida sai da gurbin mota, marasa motar suka kafa ƙungiya suka sayi wani fili a ƙarshen unguwa suka ajiye, a kan ranar da suka canza ra'ayi a yi musu wurin ajiya a nan. Mun je mun gan shi, ciyawa ce da lambu.

Ƙanena bai bar ni na tafi da zaƙin kaɗai ba. Ya ce in dubi mutanen da muke gamuwa da su. Wajen mutum 5,500 ke zaune a nan, da yawansu masu ilimi ne da albashi, irin waɗanda ke da kuɗin zubi da kuma lokacin zaman taro dare bayan dare har shekara ta zagayo. Rabon gidajen masu ƙaramin ƙarfi da aka yi niyya tun farko ya ragu da tallafin gwamnati ya ja baya, farashin gida kuma ya haura da sunan unguwar ya fita duniya. Masu zama a cikin motoci da suka mamaye filin bakin ƙofa an tashe su da 'yan sanda a 2011, a wurin aka gina otal, ko da yake otal ne da ke ɗaukar masu buƙata ta musamman aiki. Inda haya ta tsaya da sauƙi har yau shi ne tsofaffin gine-ginen barikin nan da aka so rushewa. SUSI ta shiga wata gamayyar gidajen haya da ta samo asali a Freiburg, wadda ke riƙe da kaso a kowane gida don abu guda kawai: ranar da mazauna suka so sayarwa, tana da ikon cewa a'a.